Injiniya Othniel Mai Allo Biyu

Duk wanda ya zauna a Samaru a shekarun da kwamfuta ta fara shigowa gari, ya kuma ce bai san Injiniya Othniel ba, to a bincika, wataƙila ba ya fita ƙofar gida ne. Samaru dai gari ne na masu digiri. A layin sayen kananzir ma sai ka tarar da daktoci suna gardama a kan wanda ya riga zuwa. Amma duk cikinsu, daga mai digiri ɗaya har mai tarinsu, kowa da allon kwamfuta ɗaya yake aiki, in ma ya samu. Mutum guda tak Ubangiji ya ɗaga sama ya ba shi allo biyu a kan tebur ɗaya, shi ne maigidana.

Ni sunana Malam Elias, a lokacin Mataimakin Darakta a Cibiyar Kimiyyar Kwamfuta ta Othniel, wadda ke ɗakuna biyu a bayan wani kantin magani a kan hanyar Bomo. Ma'aikatan cibiyar kakaf ɗinsu Darakta ne da Mataimakinsa, saboda haka kada wani ya ɗauka ƙaramin muƙami na riƙe. Kafin nan malamin labarin ƙasa ne ni a wata sakandare. Na baro aikin ne da na lura duniya ta juya, an daina girmama mutumin da ke zana kogin Kwara da alli.

Game da laƙabin Injiniya kuwa, masu tsugudidi kan tambayi wace makaranta ce ta ba shi. Ni shaida ne, a gabana aka yi. Mai fentin da ya zo rubuta sunan cibiya a bango ne ya tsaya da buroshi a hannu, ya ce me za a sa kafin sunan, don akwai sauran fili. Maigida ya ja baya ya auna filin da ido, ya ga “Malam” ba zai cike shi ba. Tun daga ranar ya zama Injiniya, kuma ban taɓa jin wani ya kai ƙara ba.

Bari in yi wa mai karatu bayanin allon nan na biyu, tun da bayani shi ne sana'ata. A gaban Injiniya akwai babban allo mai launuka, irin na kowa. A hagunsa kuma akwai wani ɗan ƙarami, tsoho, jikinsa ya rine kamar haƙorin mai cin goro, ba ya nuna komai sai koren rubutu a kan baƙi. Ba hoto, ba ado. Yana da katinsa daban da ake cusawa a cikin akwatin kwamfutar. Injiniya ya zauna ya rubuta wani ɗan ƙaramin furogiram da masu sana'ar ke kira direba, wanda ke tashi tare da kwamfutar duk lokacin da aka kunna ta. Aikinsa aike ne kawai: duk saƙon da aka miƙa masa, sai ya kai shi kan koren allon. To idan Injiniya na gina wani babban furogiram, sai babban allo ya riƙa nuna abin da mai saye zai gani, ƙaramin kuma yana tsegunta masa abin da ke gudana a ciki: na shiga nan, na fita can, wannan lissafin ya ba ni kaza. Dabara ce mai kyau, gaskiya, kuma da a hannun wani mai sanyin hali ta faɗa, da ba wanda zai ji labarinta.

Amma a hannun Injiniya ta faɗa. Kafin ka ce kwabo, har masu facin taya na bakin titi sun san akwai wani mutum a hanyar Bomo da kwamfutarsa ke da ido biyu. Ɗalibanmu na kiransa Mai Allo Biyu a gabansa, Uban Tagwaye a bayansa, kuma da na biyun ya kai kunnensa bai ji haushi ba, cewa ya yi a riƙa faɗa da ƙarfi. Ya sa aka juya teburinsa ta yadda duk mai wucewa ta taga zai hango koren haske. Yana da wani zama na musamman. Zai dubi babban allo, ya taɓa kibod, sannan ya karkata wuya hagu a hankali, ya ɗaga gira ɗaya, ya ce “Hmm.” Da idona na ga wani lakcara ya rage murya saboda wannan “Hmm” ɗin.

“Jama'a,” yakan ce wa baƙi, yana shafa bayan ƙaramin allon, “wannan da kuke gani ba monita ba ne, lamiri ne. Babban yana faɗin abin da duniya ke son ji, ƙaramin yana faɗin gaskiya. Daga Jamus na yi odan shi, ta hannun wani farfesa. A Arewa kaf, in ka cire wata ma'aikata a Kaduna da ba a ba ni izinin faɗin sunanta ba, babu na biyun shi.”

Idan ya fita cin abinci, ni nake karɓar baƙi. Ba na fahimtar ko layi ɗaya na abin da ke gudu a koren allon, amma wannan bai taɓa hana ni bayani ba. Na koyi karkata wuyan, na koyi girar. Na ma ƙara da nawa: nakan ce baƙo ya ɗan ja baya, don hasken na iya taɓa ƙwaƙwalwar wanda bai saba ba. Matata ta ce har a coci, idan fasto ya yi wata magana mai nauyi, sai ta ga na waiwaya hagu na ce “Hmm.” Mace ce mai son ƙari a zance, amma ban musa ba.

Wani mai makarantar kwamfuta a Hanwa ya taɓa yunƙurin gasa da mu. Muka ji labarin shi ma ya yi allo biyu, Injiniya ya kasa cin abincin rana, ya tura ni in gano. Na je na tarar talabijin ɗin gidansa ya ɗauko ya ajiye kusa da kwamfuta, ana ta nuna wasan ƙwallo. Da na kawo rahoto, Injiniya ya yi dariya har da hawaye, ya aika aka sayo mana tsire.

Kada dai a ga kamar wasa ne. Cibiyarmu a kan wannan ɗan allo take tsaye. Makarantun koyon kwamfuta sun fara tsirowa ta ko'ina, wasu ma sun fi mu kujeru da fanka. Abin da ke sa uba ya tsallake su ya kawo mana ɗansa shi ne mu ne masu allo biyu. In ka ɗauke shi, mun koma ɗakuna biyu a bayan kantin magani, Injiniya kuma ya koma Othniel.

Ana nan sai ga Madam Clementina Uzodinma. Tana da makarantar firamare tata ta kanta a Sabon Gari, ta wajen Jushi. A nan aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu kaifi, kuma mace ce da idan ta shigo ɗaki sai ka ji kana gyara zama ba tare da an ce ka gyara ba. Ta sayi kwamfuta da firinta a wurin wani Iyke mai kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari, tana so a rubuta mata furogiram da zai buga wa kowane yaro katin sakamakon jarrabawa. Ta riga ta sanar da iyaye cewa a bikin ƙarshen zango, na'ura ce za ta fitar da sakamako a gaban idonsu, ba biron malami ba.

Injiniya ya ce ta ɗauka an gama. Ya kuma gama ɗin, ba na rage masa. Ya yi ta duban gaba yana duban hagu har furogiram ya tsaya da ƙafarsa. A ofishinmu mun gwada shi ya fi a ƙirga: a shigar da maki, a danna bugawa, firinta ta kama kururuwa, kati ya fito tsaf. Muka sa shi a faifai, muka sa kwat, muka hau bas zuwa Sabon Gari.

Mai aiki da kwamfutar Madam sakatariyarta ce, Ify. Kafin Injiniya ya bar ta ta zauna, sai da ya yi mata huɗuba. Ya nuna mata maɓallan da aka halatta mata, ya ce duk wanda ta taɓa ban da su, abin da ya biyo baya ba ruwansa, don ya san wata a Jos da ta yi ganganci kwamfuta ta kama hayaƙi. Baiwar Allah ta riƙa taɓa kibod da ɗan yatsa ɗaya kamar mai gwada zafin tukunya. Ta shigar da makin 'yan aji ɗaya, komai lafiya. Ta danna bugawa.

Shiru. Allo ya tsaya cak, firinta ko tari ba ta yi ba. Muka jira. Injiniya ya tashe ta ya zauna da kansa, ya kashe ya kunna, ya sake dannawa. Shiru dai. Na gan shi ya karkata wuya hagu, inda ba komai sai kalandar makaranta, ya ɗaga gira, amma “Hmm” ɗin ya ƙi fitowa.

Manyan mutane ba sa daɗewa cikin ruɗu. Ya miƙe, ya gyara kwat, ya ce, “Madam, ina baƙin cikin sanar da ke cewa an cuce ki. Furogiram ɗina lafiyan shi ƙalau. Kwamfutan nan ce ba ta da rai. Wanda ya sayar miki, gawa ya sa miki a kwali.” Ni kuma na gyaɗa kai da ƙarfi, na ce ai tun shigowarmu ƙarar fankarta ba ta yi mini ba.

Madam ba ta ɓata lokaci ba. Ta tasa mu gaba har shagon Iyke a tsakiyar kasuwa, Injiniya ya maimaita hukuncinsa a gaban maƙwabta da masu ciniki, har da ƙarin cewa akwai 'yan kasuwar da ya kamata su tsaya a kan sayar da tocila. Iyke gajere ne mai faɗin ƙirji, kana gani ka san ba ya son raini, amma ya haɗiye maganar saboda darajar Madam. Ya ɗauko wata kwamfutar ya musanya mata. Aka kai makaranta, aka sa faifai, aka danna bugawa. Ita ma ta yi tsit. Injiniya ya ce ashe duk shagon ne annoba ta kama.

A nan Iyke ya daina haɗiya. “Oga Injiniya,” ya ce, “ka ɓata min suna a kasuwa, ka zo nan ka ƙara. Madam, abeg, ki kulle faifan nan a durowa, kar a canza shi, kar a kawo wani. In laifin kwamfuta na ne, zan tsaya a ƙofar shago in faɗa da baki na. In na furogiram ɗin shi ne, shi zai zo ya tsaya ya faɗa.” Madam ta ce magana ta yi. Ta jefa faifan a durowa, ta murɗa makulli, ta tuna mana cewa biki ranar Asabar ne, kuma ita ba ta taɓa jin kunya a gaban iyayen yara ba, ba kuma a kanmu za ta fara ba.

Muka koma Samaru jiki a sanyaye. Washegari da hantsi Injiniya ya kunna tasa kwamfutar, ya buɗe furogiram ɗin, ya danna bugawa don ya nuna mini cewa shi dai ba shi da laifi. Ina tsaye a bayansa. Wani ɗan layi ya ƙyafta a koren allon, yatsansa ya sauka a kan wani maɓalli, firinta ta kama aiki. Na ce, “Injiniya, me ka danna yanzu?” Ya ce bai danna komai ba. Muka sake. Layi ya ƙyafta, yatsa ya sauka. Wannan karon shi ma ya gani, ya tsaya yana kallon yatsan kamar na wani ne aka liƙa masa.

Ashe tun farkon aikin, don kada ya riƙa ɓata takarda wajen gwaji, ya sa furogiram ɗin ya tsaya kafin bugawa ya tambaya ko firinta ta shirya, in ta shirya a danna harafin Y. Da yake don kansa ya rubuta tambayar, ta hannun direba ya aika ta zuwa koren allo. Ya yi ta amsa ta har yatsansa ya haddace, ya daina sanar da ƙwaƙwalwa. A Sabon Gari kuwa babu koren allo, babu direba. Furogiram ya yi tambayarsa cikin ladabi a inda ba mai gani, ya zauna yana jiran amsa, mu kuma mun zauna muna jiransa.

Allah ya sani na tausaya masa. Ban taɓa ganin fuskarsa ta ƙanƙance haka ba. Gyaran bai wuce layi ɗaya ba, amma faifan na kulle a durowar Madam. Ana iya raɗa wa Ify ta riƙa danna Y duk lokacin da abin ya tsaya, amma Iyke ba yaro ba ne, zai tambayi wa ya ɓoye tambayar. Ko ta ina aka bi, hanyar a ƙofar shagon nan take ɓullewa, da Injiniya a tsaye cikin kwat yana gaya wa masu sayen tocila cewa shi ya yi kuskure. Ya ce mini a hankali, “Elias, gara in mutu.”

To a irin wannan rana ake gane amfanin Mataimaki. Ba yabon kai ba, ni na kawo mafita, kuma har gobe ina ganin ba a yaba mini yadda ya kamata ba. Na ce, “Injiniya, wa ya ce kuskure ne? Furogiram ɗinka a gidan allo biyu ya tashi, haka ya saba magana. An kai shi gidan allo ɗaya. Laifin wa? Ai ba ka yi ƙarya ba da ka ce kwamfutar Iyke na da naƙasa. Mai ido ɗaya ce.” Ya dube ni. Na ga fuskar tana dawowa girmanta a hankali, kamar kwaɓin fanke da aka rufe aka ajiye a rana. Ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan.

Lissafinmu mai sauƙi ne. Madam za ta matsa wa Iyke ya nemo mata ƙaramin allo, Iyke zai yi ta yawo ya rasa, biki ya zo ya wuce, laifi ya zauna a kansa daram. Ba mu tsaya tunanin halin da Madam za ta shiga a gaban iyaye ba, don mu masana kimiyya ne, ba masu shirya biki ba.

Muka koma ofishin Madam. Ga Iyke, ga Ify, ga wasu malamai sun leƙo ta taga. Injiniya ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya goya hannu a baya.

“Madam, 'yan'uwa, na yi bincike mai zurfi. Furogiram iri biyu ne a duniya. Akwai na gama-gari, wanda ko a kan rediyo ka ɗora shi zai yi aiki. Akwai kuma na manya, irin wanda ƙasashen da suka ci gaba ke sawa a asibitoci da filayen jirgin sama. Shi wannan ba ya yarda ya buga sakamakon ɗan mutum sai ya yi shawara da mai aiki a keɓe, ta allo na biyu. Irin shi na rubuta miki, domin 'ya'yan makarantan nan ba 'ya'yan banza ba ne. Laifi na ɗaya ne: na ɗauka wanda ya sayar miki da kwamfuta ya san zamani.”

Malaman taga suka yi tafi. Ni na fara, amma sun bi da zuciya ɗaya. Madam ta juya ta zuba wa Iyke ido. Iyke ya sosa ƙeya ya ce wane irin monita ne wannan. Injiniya ya kwatanta masa cikin tausayi, irin yadda ake yi wa yaro bayani: ƙarami, kore a kan baƙi, sai an yi oda daga Jamus.

Iyke ya ce, “Mai tsagewa ta gefen dama, an liƙe da salatif? Maɓallin ƙara haske ya karye?” Bai jira amsa ba, ya ɗora: “Haba Oga! Ai ni na ba ka shi! Da shi muke tokare ƙofar sito. Ka zo sayen waya ka gan shi, na ce ka ɗauka har da katin shi, ka rage min shara. Ba a kawo irin shi yanzu, ko a Legas. Wanda ya rage a Zariya kaf shi ne na wurin ka.”

Ina jin Injiniya ya faɗi labarin Jamus ɗin nan ne har shi ma ya yarda da shi, ya manta da ƙofar sito. Na yi maza na ce ai tun asali Jamusawa ne suka ƙera shi, saboda haka duk magana ɗaya ce. Ba wanda ya kula ni.

“Ni ba ruwana da Jamus,” in ji Madam. “Injiniya, ka ce ba ya aiki sai da allo biyu?”

“Ƙwarai kuwa.”

“Iyke, ka ce babu wani sai nashi?”

“Babu, Madam.”

“To magana ta ƙare. Ka kawo naka. In ya yi aiki, ba mai tsayawa a ƙofar shagon kowa. In bai yi ba, kai za ka tsaya, ni zan ara maka lasifika.”

Ba zan manta da tafiyar nan ba. Ni na riƙe katin a aljihun kwat, shi ya rungume allon a cinya, naɗe da tawul ɗin matarsa. Kwandasta ya ce a sa kayan a but, Injiniya ya ce sai dai shi a sa shi a but. Wata mata ta leƙo ta ce Allah ya ba jaririn lafiya. A Kwangila da bas ta faɗa rami, na ji ya kira sunan Yesu da wata siririyar murya da ban san yana da ita ba. Duk hanya yana nanata mini cewa aro ne na yini ɗaya. Muka isa, ya cusa katin a kwamfutar Madam, ya ɗora direba, ya jona allon, koren haske ya kama a ɗakin da ba namu ba.

Ranar Asabar aka kafa tebur a gaban rumfa, iyaye sun cika fili. Ify ta danna bugawa, koren allo ya yi tambayarsa, ta amsa, firinta ta yi kururuwa, katin farko ya fito. Wuri ya kaure da tafi da guɗa. Iyaye suka bar 'ya'yansu riƙe da sakamako, suka yi layi don su ga ƙaramin allon. Wani dattijo ya ce shi abin da ya burge shi, na'urar ba ta yanke wa yaro hukunci sai ta nemi shawara, abin da ko surukarsa ba ta yi. Aka ba Injiniya lasifika, ya maimaita bayanin furogiram na manya, ya ƙara masa jiragen ruwa da bankunan duniya. Bai sauka ba sai da aka fara kwashe kujeru.

Da taro ya watse, ya warware tawul ya nufi tebur.

“Ina za ka da shi?” in ji Madam.

“Gida, Madam.”

“Wane gida? Ga sakamakon masu jarrabawar shiga yana tafe, bayan shi ga gwajin wata-wata. Ba kai ka ce ba ya aiki sai da shi ba? Yanzu ka gama faɗa wa iyaye.”

Iyke na gefe yana shan lemo, ya matso don ya ji amsar da kyau. Injiniya ya dubi allon, ya dubi Iyke, ya ninke tawul ɗinsa. Ya ce dama ya yi niyyar bar wa makarantar kyauta, don shi mutum ne mai kishin ilimi. Aka sake tafa masa.

Zance ba ya wuyar yawo tsakanin Sabon Gari da Samaru. Masu wucewa suka riƙa leƙowa ta tagarmu, su ga allo ɗaya, su ƙara gaba. Wani uba ya zo ya janye ɗansa, ya ce ya ji a Jushi akwai inda suka fi ci gaba. Injiniya ya aika Kano, ya aika Kaduna, aka samo masa wani, yana jonawa ya yi tartsatsi ya cika ofis da ƙauri. Madam kuwa, da yake ba ta barin dama ta wuce, sai ta buɗe ajin koyon kwamfuta na yamma, ta sa aka rubuta a bangon makaranta cewa nan ne ake koyarwa da allo biyu. Abu ɗaya ta rasa, mai bayani. Ify na iya aikin, amma in baƙo ya tambaye ta me ƙaramin ke cewa, sai ta ce yana tambaya ne ko firinta ta shirya, wanda ba bayani ba ne da zai sa uba ya kawo ɗansa. Madam ta aiko a kira ni, ta yi mini tayin aikin.

Na kai maganar ga addu'a. Na fahimci cewa biyayyata tun asali ga kimiyya take, ba ga mutum ba, kuma inda allo ya tafi nan ya kamata mai bayaninsa ya bi. Muƙamin ma Darakta ne, babu Mataimaki a jikinsa. Na yi wa Injiniya sallama cikin mutunci.

Bayan an kwana biyu, wata rana ina ofishin Madam sai ga shi ya shigo. Babu kwat. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Madam ta sa aka kawo masa ruwa, bai taɓa ba.

“Madam,” ya ce, “na zo in faɗi gaskiya. Babu wani furogiram na manya. Kuskure na ne. Tambayar gwaji ce na manta ban cire ba. Ki ba ni faifan in gyara yanzu a gabanki, zai yi aiki da allo ɗaya. Zan je ƙofar shagon Iyke in faɗa, da lasifika in kina so. Ki dai mayar min da abu na.”

Tun da na san mutumin nan ban taɓa jin ya yi jawabi gajere haka ba, ban kuma taɓa jin wanda babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa ba sai wannan. Sai da idona ya ciko da ƙwalla.

Madam ta girgiza kai. “Haba Injiniya. Don kana son kayanka sai ka ɓata aikinka da bakinka? Na ji ka da kunnena ranar biki, iyaye sun ji. Wancan bayanin ya fi wannan kama da gaskiya. Amma ni ba masaniya ba ce, ga Daraktanmu. Malam Elias, furogiram ɗin nan zai yi aiki da allo ɗaya?”

Ya juyo ya dube ni. Mun ci abinci a kwano ɗaya da mutumin nan, shi ya riƙe mini ɗana ranar baftisma. Na dubi fuskarsa, na dubi sabuwar kujerata mai juyawa. Na ce a iya binciken da na yi, furogiram mai daraja irin wannan ba ya yarda da ƙasa da biyu.

Na raka shi har bakin get, don ni ba butulu ba ne. Na dafa kafaɗarsa na ce ya yi haƙuri, abu ne da mai aiki da allo ɗaya zai sha wuyar ganewa. Ya tsayar da bas ɗin Samaru ya shiga. Yanzu ko a coci in ya hango ni sai ya canza benci, ni da na raka shi har bakin get.